Albashi Na Wata-Wata, Kasuwa Ta Kaka Da Bazara: Yadda Ake Riƙon Gida A Jos

Babu wata magana da ta fi yawo a bakin magidantan Jos kamar cewa wata ya yi nisa. Ana jin ta a ofisoshin gwamnati, ana jin ta a tashar mota da teburin mai shayi, daga Bukuru har Farar Gada. Abin da ake nufi kuwa shi ne albashi ya ƙare tun wajen ran 15 ga wata, alhali tukunya ba ta san kwanan wata ba. In aka tambayi mai wannan kuka maganin abin, amsarsa guda ce, watau a ƙara albashi. Ko shakka babu ƙarin albashi hakkin ma'aikaci ne, amma tarihin garin Jos kansa ya nuna an sha yin ƙarin, kasuwa kuma ta sha lashe shi kafin a je ko'ina. Gidajen da suka fi kai wata lafiya su ne waɗanda suka gane cewa kuɗi na shigowa wata-wata ne, farashi kuwa yana bin kaka da rani da bazara da damina. Saboda haka lissafin gida a Jos lissafin shekara ne.

GARIN DA AKA GINA BISA LADA

Dalilin da ya sa wannan magana ta fi ƙarfi a Jos yana cikin asalin garin. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka soma haƙar kuza a tsaunukan Filato, mutane suka riƙa kwararowa daga Kano da Zariya da Bauci da Barno, da kuma Kudu, domin neman lada. Waɗansu 'yan cirani ne masu neman kuɗin haraji su koma gida kafin shuka, waɗansu kuwa suka zauna ɗungum. Manoman ƙasar, watau Birom da Anaguta da Afizere da sauransu, suna noma acca da dawa da gero gwargwadon bukatarsu, amma abin bai isa ya ci da dubban leburorin da suka cika barikokin kuza ba. Dole aka riƙa kawo hatsi daga nesa. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya iso daga Zariya a 1914 yakan hau da abinci ya sauka da kuza, har zuwa 1957 da aka daina aiki da shi.

Ke nan tun fil azal mazaunin Jos mutum ne mai karɓar kuɗi a hannu, mai sayen abin da zai ci a kasuwa. Ba shi da rumbu a bayan ɗaki kamar ɗan'uwansa na ƙauye. Leburan kuza yakan karɓi ladansa ƙarshen mako, amma sau da yawa kafin kuɗin su shiga aljihunsa mai tuwo da heluma sun riga sun tsaya da lissafin bashinsu. Da yawa sun zo da niyyar wata uku, bashi ya riƙe su shekaru.

Kuza ta yi zamaninta ta ja baya. A watan Oktoba na 1985 farashinta ya rushe a kasuwar Landan, kamfanoni suka sallami ma'aikata, gidaje masu yawa a Bukuru da Barikin Ladi suka wayi gari ba lada. Amma garin bai sake hali ba. Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato a 1967, sa'an nan ta Jihar Filato a 1976. Ga jami'a, ga asibitoci da makarantu, ga masana'antu irin su NASCO. Har yanzu dai gari ne na masu jiran ƙarshen wata, da 'yan kasuwa da masu sana'a waɗanda cinikinsu ke jiran masu jiran ƙarshen wata.

DARASIN UDOJI

Dattawan Jos ba su manta da shekarar 1975 ba. A farkonta ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ƙarin albashin da hukumar Cif Jerome Udoji ta ba da shawara a kai, haɗe da ariyas tun daga watan Afrilu na 1974. Albashin ƙaramin ma'aikacin gwamnati ya zama naira 720 a shekara, watau naira 60 a wata, fiye da ninkin abin da yake samu a da. Naira kanta sabuwa ce a lokacin, domin ran 1 ga Janairu 1973 ta maye gurbin fam da sule. Mutane suka ga kuɗin da ba su taɓa riƙewa a dunƙule ba, aka shiga sayen rediyo da keke da babur da agogo, waɗansu suka ƙara aure. 'Yan kasuwa kuwa ba barci suke yi ba. A wannan shekara hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wanda bai sami ƙarin ba ma sai da ya biya sabon farashin.

Tun daga nan abin ya zama kamar kiɗa da amshi. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa dokar albashi mafi ƙanƙanta a kan naira 125 a wata. Shekara na zagayowa aka shiga matakan tsuke bakin aljihu na 1982, zuwa 1984 ana bin layi domin madara da sukari da sabulu. A 1986 shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira. Albashi mafi ƙanƙanta ya zama naira 18,000 a 2011, ya zama 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a watan Yuli na 2024. In aka raba 70,000 da 125 za a ga an ninka adadin sau 560. Duk da haka naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200, ita kuwa naira 70,000 a lokacin da aka sa hannu a kanta ba ta kai dala 50 ba. Kafin nan an riga an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haye 1,000 a ƙarshen 2024. A tsakiyar 2024 ɗin hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100.

Abin lura a nan shi ne, adadin da aka rubuta a takardar albashi ba ya gaya wa mutum gaskiyar halinsa. Tsofaffin matan Jos suna da ma'aunin da ya fi wannan, watau su tambaya: mudu nawa albashin zai saya? Maigidan da ya saba auna samunsa da mudun masara ko na shinkafa, da galan na mai da buhun gawayi, shi ne zai fara gane cewa samunsa ya ragu ko da takarda ta ce ya ƙaru, ya kuma gyara zamansa tun da sauran dama.

KOWANE KAYA DA WATANSA

Allah ya yi wa Jos wata baiwa da garuruwan albashi da yawa ba su da ita. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba. Kududdufan da haƙar kuza ta bari sun zama abin ban-ruwa ga masu lambu. Saboda haka kayan abinci iri-iri suna fitowa a ƙofar gari, kowanne da lokacin da yake araha da lokacin da yake gagara.

Masara tana sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kasuwar Mangu ke cika da buhuna. Acca ma a ƙarshen damina ake girbinta. A yawancin shekaru farashin hatsi yakan soma hawa da bazara, ya kai ƙololuwa tsakiyar damina kafin sabo ya fito. Dankalin turawa na Bokkos da Mangu yakan yi araha tsakiyar damina, watau daidai lokacin da hatsi ya yi tsada, don haka gidan da ya iya sauya tukunya zuwa faten dankali a watannin nan ya rage wa kansa nauyi. Tumatir da tattasai da albasa suna cika kasuwar Farar Gada da rani, har a ga kwanduna na ruɓewa, sa'an nan su yi tashin gwauron zabo da faɗuwar ruwa, wajen Mayu da Yuni. Uwargidan da ta yanka ta shanya kauɗa a watan Fabrairu ba ta shiga wannan kokawa.

Ga misali na lissafi kawai, mai karatu ya sa farashin da ya tarar a kasuwarsu. Gidan da ke cin mudu biyu na hatsi kullum yana bukatar mudu 60 a wata. Watanni huɗu na tsada, Yuni zuwa Satumba, mudu 240 ke nan. In bambancin farashin kaka da na damina naira 300 ne a kowane mudu, to gidan da ya saya da kaka ya tsira da naira 72,000, fiye da albashi mafi ƙanƙanta na wata guda. Ba wanda ya ƙara masa ko kwabo a ofis, amma ya yi wa kansa wata na goma sha uku.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, ajiya sai da kula. Jos gari ne mai laima da damina, buhun da aka jingina da bango ko aka ajiye a ƙasa yakan yi fumfuna, ƙwari kuma ba su jin kunyar kowa. A bushe hatsi sarai, a ɗora bisa katako. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana hana iska shiga har ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ya fi aminci bisa ga barbaɗa guba a abin da yara za su ci. Na biyu, a yi ajiya domin ci, kada a ci bashi a tara domin riba. A 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwannin Arewa da yawa, waɗanda suka ɓoye da tsammanin zai ci gaba da hawa kamar na 2024 suka tafka hasara. Wanda ya ajiye na bakinsa kuwa ko farashi ya faɗi tuwonsa na nan.

Ajiya a Jos tana da wani dalili kuma wanda kowa ya sani. Tun daga rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, an sha kafa dokar hana fita, wani lokaci dare da rana. A irin waɗannan kwanaki ba Musulmi ba Kirista, gidan da ke cefanen yau domin yau shi ne ke fara kwana da yunwa, ko da akwai kuɗi a aljihu.

RAMUKA HUƊU NA SHEKARA

Cefane ba shi ne ya fi kayar da magidanci ba. Abin da ke kayar da shi su ne manyan biyan da ke zuwa a dunƙule, waɗanda kowa ya san ranarsu amma a yi kamar ba a sani ba.

Na ɗaya kuɗin haya, wanda a Jos galibi na shekara ake biya. Wanda hayarsa ta kama naira 240,000, alal misali, ya sani cewa naira 20,000 daga samunsa na kowane wata ba tasa ba ce. In ya cinye ta, ranar da mai gida ya aiko sai sayar da kaya ko cin bashi.

Na biyu kuɗin makaranta, sau uku a shekara: Satumba, da Janairu, da wajen ƙarshen Afrilu. Na Satumba ya fi nauyi saboda littattafai da kayan makaranta, ga shi yana faɗowa a ƙarshen watannin tsadar hatsi. Na Janairu kuwa yana tarar da aljihu a rarake.

Na uku sanyi. Hunturun Jos ba irin na sauran garuruwa ba ne. Daga Disamba zuwa Janairu sai an dafa ruwan wanka safe da yamma, gawayi da iskar gas da itace su riƙa tafiya ninki, yara na bukatar rigunan sanyi da barguna, tari da mura kuma na kai mutane kantin magani. Rigar sanyin da aka saya a 'yan gwanjo na kasuwar Katako da zafin Maris ba farashinsu ɗaya da wadda aka saya ana kaɗa haƙora ba.

Na huɗu bukukuwa. Da yake Jos gari ne na addinai biyu, kowa yana biyan farashin bukin maƙwabcinsa: kaza da shinkafa da kuɗin mota na hawa da Kirsimeti, su sake hawa da azumi da Salla. Albashin Disamba yakan fito da wuri, shi ya sa Janairu ke zama kamar wata biyu. Salla kuwa tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wajibi ne a duba tun farkon shekara a ga da wane biya za ta yi karo. A nan tsohuwar dabarar watanda tana da amfani ƙwarai, watau mutum goma ko ashirin su yi karo-karo tun da nisa su sayi sa su raba. Haka nan ana iya yin watandar buhun shinkafa ko jarkar mai, domin mai sayen ƙulli-ƙulli da gwangwani-gwangwani shi ne ke biyan farashi mafi tsada a kasuwa, ko da yake shi ne mafi ƙarancin hali.

In aka tara waɗannan ramuka huɗu aka raba gida 12, abin da ya fito shi ne za a fara cirewa ranar da kuɗi suka shigo. Ragowar ita ce albashin gaskiya, a kanta za a yanka cefane. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

INA ZA A AJIYE?

Cirewa daban, tsarewa daban. Kuɗin da ke aljihu ko cikin wayar hannu suna da ƙafa. Shi ya sa adashi bai mutu ba, a kasuwa da ofis da coci da makarantar Islamiyya. Amfaninsa shi ne yana tilasta zubi, kuma ba ruwa a cikinsa. Mai hikima yakan roƙi uwar adashi ta sa ɗibarsa ta faɗo daidai da bukata, watau Nuwamba domin hatsi, ko Agusta domin makaranta, ko watan haya. Amma a sani cewa a shekarar da farashi ke gudu, mai ɗiban ƙarshe yana karɓar adadi ɗaya da na farko, abin da kuɗin za su saya kuwa ya ragu. Adalci shi ne a riƙa juya layi daga zagaye zuwa zagaye, kada kuma zagayen ya yi tsawo ainun. Masu zubin kullum su tuna mai karɓa yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata ladan aikinsa, kuma amanarsa ce kaɗai jingina.

Mutanen Jos sun koyi haɗarin tara ƙwai a kwando ɗaya ta hanya mai zafi. A watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus, wadda ake alfahari da ita a Afirka ta Yamma, 'yan kasuwa masu yawa suka rasa jari da ajiya a dare guda. Masu ɓoye kuɗi a gida sun sha wuya da canjin kuɗi na Afrilu 1984, masu ajiya a banki kaɗai kuma sun sha tasu a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa mutum na biyan masu POS lada mai tsoka kafin ya taɓa kuɗinsa. Banki ma yakan rushe, kamar guda 26 da aka rufe a Janairu 1998, amma aƙalla akwai hukumar NDIC mai inshorar ajiya, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba su ta'ammali da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a raba: kaɗan a hannu domin larurar dare, wani a banki ko ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, wani kuma a mai da shi hatsi ko akuya.

Abin da ba shi da lamuni ko kaɗan shi ne tsarin da ke alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta tafi da ajiyar mutane a Disamba 2016, CBEX ta maimaita a Afrilu 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka nan bashin da ake ci ta wayar hannu, mai ruwa mai yawa da wa'adin mako ɗaya ko biyu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin wanda aka ci domin keken ɗinki da wanda aka ci domin anko.

MAIGIDA DA UWARGIDA

Duk wannan lissafi ba ya tsayawa in mutum ɗaya ne ke yinsa. A gidaje da yawa maigida yana ɓoye adadin samunsa, ya riƙa miƙa kuɗin cefanen da ya yanka tun shekara biyu da suka wuce, in miya ta tsinke ya ce an yi almubazzaranci. Uwargida kuma ita ce ta san farashin yau, domin ita ke aike kasuwa, sau da yawa tana cike giɓin daga ribar ƙosai ko kitso ko albashinta ba tare da an sani ba, balle a gode. A al'ada da shari'a abin da mace ta samu nata ne, in ta sa a tukunya alheri ta yi. Amma zama a yi lissafi tare, da ɗan littafi na rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ko na wata guda ne, yakan nuna inda kuɗi ke zurarewa: katin waya, da kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa sau biyar a mako maimakon sau ɗaya, da gudummawar bukin da aka yi don kunya. Yara ma in sun tasa ya kamata su ga littafin, domin wanda ya san nawa ake sayen mudu ba ya zubar da tuwo.

Ba a ce dabara tana maye gurbin samu ba. Akwai dubban gidaje a Jos, na leburori da zawarawa da 'yan fansho da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu, da ba su da rarar da za su sayi ko rabin buhu da kaka. Hakkin waɗannan yana wuyan hukuma da masu ɗaukar ma'aikata, su biya lada a kan kari, su tsare hanyoyin da abinci ke bi daga Mangu da Bokkos zuwa gari, yana kuma wuyan maƙwabta masu hali. Amma ga wanda Allah ya ba abin da ke shigowa, kome ƙanƙantarsa, lokacin shirin damina shi ne kaka, lokacin shirin Janairu kuma tun kafin a ga watan Disamba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.